Ajiya ko Biyan Bashi: Shari'ar Asusun Fanshon San Faransisko a Ƙarƙashin Iyakar Gann

A shekarar 1992 Kotun Ƙoli ta jihar Kalifoniya da ke Amurka ta yanke hukunci a wata shari'a tsakanin ƙungiyar masu biyan haraji ta San Faransisko da majalisar da ke mulkin birnin. Babu zargin sata a cikin ƙarar, kuma babu wanda ya nemi a hana tsofaffin ma'aikata haƙƙinsu. Tambaya ɗaya ce aka ɗora a gaban alƙalai: kuɗin da birnin yake zubawa kowace shekara a asusun fanshon ma'aikatansa, ajiya ne ko kuwa biyan bashi? A kunnen wanda bai saba da harkar kasafin kuɗi ba, wannan gardama ce ta suna kawai, tunda ko yaya aka kira kuɗin, wuri ɗaya za su tafi. Amma a ƙarƙashin kundin tsarin mulkin jihar, sunan da aka ba kuɗin shi ne yake nuna ko za a ƙirga su cikin iyakar abin da birni zai iya kashewa a shekara, kuma idan an ƙirga su, dole wani abu dabam ya matsa ya ba su wuri, ko asibiti, ko ɗakin karatu, ko gyaran titi.

Domin a fahimci yadda aka kai ga wannan gardama, sai an koma ƙarshen shekarun 1970. A watan Yunin 1978 masu jefa ƙuri'a a Kalifoniya suka amince da Ƙuduri na 13, wanda Howard Jarvis da Paul Gann suka jagoranta, ya taƙaita harajin gidaje da filaye zuwa kashi 1 cikin ɗari na ƙimar kadara, ya kuma hana ƙimar da ake ɗora harajin a kanta ƙaruwa fiye da kashi 2 cikin ɗari a shekara matuƙar kadarar ba ta canza hannu ba. Wannan ya toshe ƙofa ɗaya ta shigar kuɗi, amma Gann yana ganin hukumomi za su nemi wasu ƙofofin, saboda haka ya juya ga ɓangaren kashewa. A watan Nuwamban 1979 aka kaɗa ƙuri'a kan Ƙuduri na 4, kusan kashi uku cikin huɗu na masu ƙuri'a suka goyi bayansa, ya zama Babi na 13B na kundin tsarin mulkin jihar. Tun daga lokacin ake kiransa iyakar Gann. Ya fara aiki a shekarar kasafi ta 1980 zuwa 1981, ya kuma hau kan gwamnatin jiha da gundumomi da birane da hukumomin makarantu.

Tsarin iyakar a taƙaice shi ne: an ɗauki abin da kowace hukuma ta ware daga kuɗin haraji a shekarar kasafi ta 1978 zuwa 1979 a matsayin tushe, sa'an nan a kowace shekara a ɗaga wannan adadi gwargwadon ƙaruwar jama'a da tsadar rayuwa. A farkon tsarin, ma'aunin tsadar rayuwa shi ne wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin hauhawar farashi a ƙasa baki ɗaya da ƙaruwar matsakaicin kuɗin shigar mutum ɗaya a Kalifoniya, wato an zaɓi ma'aunin da ya fi matsewa da gangan. Duk kuɗin haraji da suka shigo fiye da abin da iyakar ta yarda a ware, dole a mayar wa jama'a ta hanyar rage haraji ko rage kuɗin hidimomi cikin shekaru biyu masu zuwa. Wannan tanadi ba barazana ce ta baka ba, domin a 1987, zamanin Gwamna George Deukmejian, gwamnatin jihar da kanta ta mayar wa masu biyan haraji dala biliyan 1.1 bayan kuɗin shigarta sun zarce iyaka. A waɗannan shekarun ne, da hauhawar farashi ta lafa alhali tattalin arziƙi yana bunƙasa, hukumomi da yawa suka fara jin iyakar tana taɓa su.

Abin da iyakar take ƙirgawa bai haɗa da duk kuɗin da birni yake juyawa ba. Tana ƙirga izinin kashe kuɗin haraji ne, tare da tallafin da jiha take ba birni ba tare da sharaɗi ba. Kuɗin da mutum ya biya don ruwan famfo, ko kuɗin da kamfanin jirgin sama ya biya filin jirgi, ba sa cikin lissafi muddin ba su wuce abin da hidimar ta ci ba. Idan sun wuce, rarar ta koma haraji a idon doka. Ribar da aka samu daga juya kuɗin haraji a banki ita ma haraji ce. Bayan haka akwai abubuwan da sashe na 9 na Babi na 13B ya keɓe ko da daga haraji aka biya su, kuma na farko a cikinsu shi ne biyan bashi, sai kuma abin da kotu ko gwamnatin tarayya ta tilasta wa hukuma ta kashe.

Marubutan ƙudurin sun hango cewa asusun ajiya zai iya zama ƙofar baya. Idan da zuba kuɗi a ajiya ba ya cikin lissafi, to duk birnin da ya ga rara ta taru sai ya buɗe asusu ya laƙaba masa suna, ya zuba rarar a ciki, ba ya mayar wa kowa komai. Idan kuma da za a ƙirga kuɗin lokacin shiga a sake ƙirga su lokacin fita, to an ci birni tara kan tattali, kuma babu wanda zai yi ajiya. Sashe na 5 ya bi tsakiya. Ya ba kowace hukuma damar kafa asusun ko-ta-kwana, da na gaggawa, da na rashin aikin yi, da na ajiya, da na fansho, da na tara kuɗin biyan bashi, da na amana, da makamantansu, yadda ta ga ya dace. Sa'an nan ya ce duk abin da aka zuba a irin wannan asusu, gwargwadon abin da ya fito daga haraji, ana ƙirga shi cikin iyaka a shekarar da aka zuba. Cire kuɗi daga asusun, da kashe abin da aka cire, da sauya kuɗi daga wannan asusu zuwa wancan, duk ba a ƙirga su. Wato a bakin rumbu ake awo, ranar da aka zuba hatsi, ba ranar ɗiba ba.

Misali na lissafi zalla zai nuna yadda abin yake aiki. A ce iyakar wani birni a bana dala miliyan 100 ce, harajin da ya tara kuma miliyan 104, ayyukansa na yau da kullum sun ci miliyan 92. Yana da sararin miliyan 8 kafin ya taɓa iyaka, kuma yana iya zuba dukkansu a asusun ko-ta-kwana. Sauran miliyan 4 ba su da wurin zuwa a cikin iyakar, ko ajiya ko kashewa, sai dai a sami wani abin da doka ta keɓe a kashe su a kai, ko a mayar wa jama'a. Idan bayan shekaru uku tattalin arziƙi ya karye, birnin zai iya ɗebo miliyan 8 ɗin nan ya kashe su a kan abin da iyakar shekarar ta ba shi, babu wanda zai ce ya ƙetare, saboda an riga an auna su tun ranar shiga.

A nan ne matsalar San Faransisko ta taso. San Faransisko birni ne kuma gunduma a lokaci guda, majalisa mai kujeru 11 ce take zartar da kasafinsa, kuma yana da nasa tsarin fansho wanda yake rubuce a cikin kundin mulkin birnin tun kafin a san da Ƙuduri na 4. Masu ƙuri'ar birnin ne suka amince da tanade-tanaden fanshon, kuma kundin ya wajabta wa birni ya zuba abin da masana lissafin fansho suka ƙiyasta cewa ana bukata. Majalisa ba ta da zaɓin ta ce bana ba za ta zuba ba. Da wannan hujja, a cikin shekarun 1980 majalisar ta ɗauki matsayin cewa waɗannan kuɗi biyan bashi ne, ta fitar da su daga lissafin iyaka. Ribar yin hakan a fili take: ko da an cire kuɗin fansho daga shekarar tushe ma, wanda zai rage iyakar kanta, birni yana samun ƙarin sarari matuƙar nauyin fansho ya fi iyakar saurin girma.

Hujjar birnin ba ta banza ba ce, kuma adalci ne a faɗe ta da cikakken ƙarfinta. Babi na 13B ya fassara biyan bashi da cewa kuɗin ruwa da uwar kuɗi ne, haɗe da duk wata ajiya da aka wajabta dominsu, a kan bashin da yake nan ko aka halatta shi zuwa ranar 1 ga Janairun 1979, ko kuma bashin takardun lamuni, wato takardun da hukuma take sayarwa don ta ciyo bashi, da masu ƙuri'a suka amince da shi bayan wannan rana. A lura da bambancin: ga bashin da ya biyo baya an ambaci takardun lamuni, amma ga tsohon bashi an ce bashi kawai, ba a taƙaita nau'insa ba. Ƙari a kan haka, ita wannan Kotun Ƙoli ta riga ta yi magana kan kalmar a 1982, a shari'ar Carman da Alvord, wadda ta shafi ƙaramin birnin San Gabriel. Masu ƙuri'a a can sun amince tun 1948 birninsu ya shiga tsarin fanshon ma'aikatan jiha, kuma kotun ta ce wannan alkawari bashi ne da masu ƙuri'a suka amince da shi, don haka birnin yana iya karɓar haraji na musamman dominsa a saman kashi 1 cikin ɗari na Ƙuduri na 13. To idan alkawarin fansho bashi ne a Babi na 13A, wato babin da Ƙuduri na 13 ya kafa, ta yaya zai daina zama bashi a Babi na 13B, alhali babobin biyu maƙwabta ne, tafiya ɗaya ta haife su, kuma hannun Gann yana cikin kowanne?

Ƙungiyar masu biyan haraji ta tsaya ne a kan kalma ɗaya tak: sashe na 5 ya ambaci asusun fansho da sunansa a jerin asusun da ake ƙirga abin da aka zuba musu. Tana kuma da hukuncin da ya goyi bayanta, domin a 1987 wata kotun ɗaukaka ƙara ta yanke irin wannan shari'a a kan gundumar Santa Barbara, ta ce kuɗin fansho suna cikin iyaka. A shari'ar San Faransisko kuwa kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan birni. Da hukunci biyu masu karo da juna a kan sashe ɗaya, maganar ta hau Kotun Ƙoli.

Kotun ta ba masu biyan haraji gaskiya. Ƙa'idar da ta dogara da ita tsohuwa ce a fassarar doka: idan tanadi biyu suka yi karo, ɗaya na gaba ɗaya, ɗaya kuma ya ambaci abin da ake magana a kai kai tsaye, to wanda ya ambata shi ne yake rinjaye. Sashe na 9 yana magana ne kan bashi a dunƙule, sashe na 5 kuwa ya kira fansho da suna, bai kuma raba tsakanin asusun da aka kafa kafin 1979 da wanda aka kafa bayanta ba. Game da shari'ar Carman, bambancin shi ne Babi na 13A ba shi da wani tanadi irin sashe na 5, don haka a can kalmar bashi ba ta da abokin karo, a nan kuwa tana da shi. Idan aka bi fassarar birni, kalmar fansho a sashe na 5 za ta zama kusan ba ta da aiki, tunda tsare-tsaren fanshon hukumomin jihar galibinsu sun girmi 1979.

A ganina hukuncin ya yi daidai da nassin, kuma da wuya a karanta sashe na 5 da zuciya ɗaya a fito da wata ma'ana. Amma daidaituwar hukunci da nassi ba ta kawar da abin da ke damuna game da nassin kansa. Sashe na 5 ya zuba abubuwa biyu masu bambancin hali a ƙwarya ɗaya. Asusun ko-ta-kwana ajiya ce ta ganin dama: birni ya ga yana da hali, ya ware wani abu don gobe, in ya ga dama ya fasa. Kuɗin fansho kuwa ladan aikin da aka riga aka yi ne, wanda aka jinkirta biyansa. Ɗan kwana-kwana ko direban bas da ya yi shekara talatin yana aiki ya karɓi wani ɓangare na haƙƙinsa a matsayin alkawari, kuma kotunan Kalifoniya sun daɗe suna ɗaukar wannan alkawari a matsayin yarjejeniyar da ba a warware ta. Hukuncin bai taɓa wannan haƙƙi ba, birni zai ci gaba da zubawa dole. Abin da ya yi shi ne ya sa nauyin ya faɗa kan sauran ayyuka a duk shekarar da birni ya kusanci iyaka. Ana iya kare wannan da cewa albashi ma dole ne, kuma yana cikin iyaka, don haka babu dalilin da zai sa albashin da aka jinkirta ya fita. Wannan amsa tana da ƙarfi idan ana maganar kuɗin fanshon aikin bana. Ƙarfinta yana raguwa idan ana maganar cike gibin da ya taru tun shekaru da dama, domin mai bin birni kuɗi ta takardar lamuni an keɓe masa biyansa har da ajiyar da ke tsaron bashinsa, alhali ma'aikacin da yake bin birni irin wannan tsohon alkawari ba a keɓe nasa ba. Babin ma yana da sashe guda, na 7, wanda aka rubuta don tabbatar wa masu takardun lamuni cewa iyakar ba za ta hana a biya su ba.

Daga wannan ake ganin cewa kalmar ajiya ita kaɗai ba ta gaya wa akanta komai. Ajiyar da yarjejeniyar takardun lamuni ta wajabta tana wajen iyaka. Ajiyar fansho tana ciki. Ajiye kuɗin birni a banki ko a takardun da ake saurin mayarwa kuɗi, don kawai kada su zauna banza kafin lokacin kashe su, ba a ɗauke shi ware kuɗi ba, sai dai in ya faɗa ƙarƙashin sashe na 5. Kuma a cikin asusu ɗaya ma ana iya samun kuɗi iri biyu. San Faransisko yana da filin jirgin sama, da tashar jiragen ruwa, da hukumar ruwa mai jawo ruwa daga madatsar Hetch Hetchy, waɗanda suke rayuwa da kuɗin masu amfani da su. Abin da aka zuba a asusun fansho daga irin waɗannan kuɗi ba daga haraji ya fito ba, kuma sashe na 5 ya ce gwargwadon abin da ya fito daga haraji ne kawai ake ƙirgawa. Saboda haka aikin rarrabewa yana farawa ne daga bin asalin kowace dala, kafin a zo ga sunan asusun da ta shiga.

Kafin hukuncin ya fito, ƙasa ta riga ta ɗan sauya a ƙarƙashin shari'ar. A watan Yunin 1990 masu ƙuri'a suka amince da Ƙuduri na 111, wanda ya sassauta iyakar sosai. Ya ba birane damar zaɓar ma'aunin da ya fi musu tsakanin ƙaruwar matsakaicin kuɗin shigar mutum a jihar da ƙaruwar ƙimar kadarori sakamakon sababbin gine-ginen da ba na zama ba. Ya sa ana auna rara a kan shekaru biyu a haɗe, ta yadda shekarar yalwa za ta iya hutawa a kan shekarar da ta biyo ta. Ya keɓe kuɗin manyan ayyuka, waɗanda dokar jiha ta fassara da kadarar da za ta yi shekara 10 ko fiye tana amfani kuma ta kai dala 100,000. Ya kuma keɓe kuɗin da aka ware don bala'in da gwamna ya ayyana, idan kashi biyu cikin uku na majalisa suka amince. Da waɗannan sauye-sauye birane da yawa suka sami tazara mai faɗi tsakaninsu da iyaka, abin da ya rage zafin hukuncin 1992 a aikace, ko da yake ƙa'idar da ya kafa tana nan.

Bayan haka San Faransisko ya ci gaba da gina ajiyoyinsa, kuma kowace tana da nata mabuɗin. A watan Nuwamban 2003 masu ƙuri'a suka saka asusun ranar wahala a cikin kundin mulkin birni. Ƙa'idarsa ita ce idan kuɗin shigar babban asusun birni suka ƙaru fiye da kashi 5 cikin ɗari a kan na bara, rabin abin da ya haura wannan mizani yana tafiya ajiya, kuma ba a ɗiba sai kuɗin shiga sun ja baya. Daga wannan asusu ne aka tallafa wa hukumar makarantun birnin lokacin karyewar tattalin arziƙi ta 2008 don rage sallamar malamai, sa'an nan a 2014 masu ƙuri'a suka raba shi biyu, na birni da na makarantu. A 2010 majalisa ta ƙara wani asusun daidaita kasafi, wanda ake ciyar da shi daga kuɗin shiga masu hawa da sauka, kamar harajin cinikin gidaje a shekarar da ya haura yadda aka saba, da kuɗin sayar da kadarorin birni. Wannan asusu na biyu misali ne mai kyau na abin da aka faɗa a sama, domin harajin cinikin gida haraji ne, kuɗin sayar da fili kuwa ba haraji ba ne, ga su kuma suna kwana a asusu ɗaya.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kauce masa a nan, domin yana yawan shiga tsakanin masu karanta rahoton kuɗin birane. A 2009 hukumar da ke tsara ƙa'idojin lissafin kuɗin gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi a Amurka ta fitar da ƙa'ida mai lamba 54, wadda ta raba ragowar kuɗin asusu gida biyar bisa ga ƙarfin ɗaurin da ke kansu: wanda ba a iya kashe shi, wanda doka ko wani na waje ya ɗaure, wanda majalisa ta ɗaure da kanta, wanda aka yi niyyar wani aiki da shi, da wanda yake sake. Wannan rabo yana amsa tambayar wane ne yake da ikon buɗe asusun. Iyakar Gann kuwa tambayoyinta dabam ne: daga ina kuɗin suka fito, kuma a wace shekara aka zuba su. Ajiyar da kundin mulkin birni ya ɗaure da ajiyar da majalisa za ta iya kwancewa gobe suna iya zama a gidaje dabam a rahoton akanta, amma a gaban sashe na 5 matsayinsu ɗaya ne idan da haraji aka cika su. Darasin shari'ar 1992 ke nan a wata siga: kasancewar doka ta tilasta maka zubawa bai fitar da kuɗin daga iyaka ba.

Ba Kalifoniya kaɗai ta zaɓi awo a bakin shiga ba. A watan Nuwamban 1992, shekarar da aka yanke wannan hukunci, masu ƙuri'ar jihar Kolorado suka amince da nasu gyaran kundin tsarin mulki wanda Douglas Bruce ya jagoranta, kuma shi ma yana ƙirga ƙarin da aka yi wa ajiya cikin abin da aka kashe a shekara, ya bar abin da aka ɗiba daga ajiya a waje. Kolorado ta ƙara da wajabta wa kowace hukuma ta riƙe ajiyar gaggawa ta aƙalla kashi 3 cikin ɗari na abin da take kashewa, ta kuma hana a kira ƙarancin kuɗin shiga ko ƙarin albashi da sunan gaggawa. Kalifoniya ba ta wajabta wa birane irin wannan ajiya a Babi na 13B ba, ta bar musu su kafa abin da suka ga ya dace.

Wannan tsari na awo a bakin shiga yana da wata illa da ba a cika faɗa ba, kuma ita ce ta fi shafar talakan birni. Shekarar da birni yake da abin ajiyewa ita ce shekarar da haraji ya yi yawa, kuma ita ce shekarar da ya fi kusa da iyaka. Ma'ana, lokacin da ajiya ta fi sauƙi a aljihu shi ne lokacin da ta fi tsada a doka, tunda kowace dala da aka ajiye tana gogayya da dalar da za a kashe a kan aikin da mutane za su gani da idonsu. A shekarar fari kuwa, lokacin da sararin iyaka ya buɗe, babu abin zubawa. Wanda zai ji jiki idan ajiya ta gaza shi ne mai dogaro da asibitin gwamnati da motar haya ta birni, domin su ake fara yankewa. Mafitar da kundin ya bari ita ce komawa wurin masu ƙuri'a: sashe na 4 ya ba su ikon ɗaga iyakar birninsu, amma na tsawon da bai wuce shekara huɗu ba, sai a sake tambayarsu. San Faransisko ya sha bin wannan hanya ta saka ɗaga iyaka a cikin ƙudurin sabon haraji kansa, kamar yadda aka yi a harajin manyan kamfanoni don tallafa wa marasa matsuguni da aka amince da shi a watan Nuwamban 2018.

A aikace, duk wannan rarrabewa tana ƙarewa ne a takarda ɗaya da ake gabatarwa kowace shekara kafin sabuwar shekarar kasafi, wadda take farawa ranar 1 ga Yuli. Ma'aikatar kuɗi ta jiha tana aika wa ƙananan hukumomi alƙaluman yawan jama'a da na kuɗin shiga, jami'an kuɗin birni su lissafa iyakar, su raba kuɗin shiga zuwa na haraji da waɗanda ba na haraji ba, su cire abin da doka ta keɓe, sa'an nan majalisa ta amince da adadin ta hanyar ƙuduri a zaman da aka sanar. Dokar jiha ta ce takardun lissafin su kasance a buɗe ga jama'a kwana 15 kafin zaman, kuma duk mai ƙorafi yana da kwana 45 bayan ƙudurin ya fara aiki ya kai ƙara kotu. Tun daga Ƙuduri na 111 kuma, masu binciken kuɗi suna duba lissafin iyakar a cikin binciken da suke yi wa asusun birni na kowace shekara.